Gaban Motar Kawu Toon

A garinmu Venhoek da baya ake tseren mota. Kowace shekara, da an yanke masara, sai Jos van Lierop ya ba da aron gonarsa, a kewaye ta da dammunan ciyawa, a turo tsofaffin motocin DAF daga rumfunan shanu. Waɗannan motoci ba ruwansu da gaba ko baya, gudun da suke yi nan shi suke yi can. Iyayenmu sun gano haka tun suna samari, kuma har yau ba su warke ba.

Na dawo daga Kanada da bazara. Abin da na karanto shi ne koya wa kwamfuta gani. Mutanen gari suka ce madalla, suka tambaye ni ko ina gyaran firinta. Mutum ɗaya ne ya ga ranata, Harrie Smulders, tsohon likitan dabbobi, wanda shi ne babban alƙalin tseren. Idonsa ya fara gajiya. Bara an yi gardama a kan layin ƙarshe, har matar mai burodi ta daina gaishe shi. Ya ce in kafa masa kyamara a kan layi, ta riƙa nuna masa wanda ya riga. Hukunci dai nasa ne, amma yana neman mai shaida wanda ba shi da dangi a garin.

"Ai ina da dangi," na ce.

"Na'urar fa?"

"Ba ta da kowa."

"To ita nake so."

Dangin nawa su ne Kawu Toon, ƙanen mahaifiyata, da matarsa Inna Riek. Tun aurensu suke da wata yarjejeniya: wanda ya riga ɗan'uwansa a tseren, shi zai riƙe sitiyarin motar gida har girbi na gaba. Wanda aka kayar ya zauna a gefe, ya kame bakinsa, ko da ya ga rami. Tun ina firamare Kawu yake cin nasara. Inna ta tsufa a kujerar gefe tana taka birkin da babu shi.

Bana abin ya fi nauyi. Sun sayar da shanunsu, sun sayi mota mai gado da murhu a ciki, za su gudu wa sanyi su tafi Fotugal. Wanda ya ci shi zai tuƙa, zuwa da dawowa. Inna ta gaya wa mahaifiyata cewa in har za ta ratsa Faransa a gefen Toon, to a gidan mai na farko za ta sauka, ta auri mai zuba man.

Kwamitin tsere ya zauna a ɗakin baya na shagon gahawa. Tambaya ɗaya na kai musu. Na ce a ko'ina cikin duniya irin wannan na'ura hancin mota take nema, shi take jira ya taɓa layi. To a nan, ina ne gaban mota?

Suka fashe da dariya. Kawu Toon ya miƙe da kofinsa a hannu.

"Ke 'yar Kanada, an kai ki wancan nisa kin dawo ba ki san gaba ba? A garin nan baya shi ne gaba. Ɗuwawun mota za ki koya mata."

Harrie ya tambaya ko an amince. Kowa ya ɗaga hannu. Kawu ya ajiye kofi ya ɗaga biyu.

Na yi damina ina bin rumfuna a kan keke, ina ɗaukar hoton bayan motoci: masu tsatsa, masu lotsa, masu fitila ɗaya, waɗanda aka ɗaure da waya. Na nuna wa na'urar har ta gane su. Ranar gwaji ta gane fiye da yadda nake so. Ta fara zana akwatin da take kewaye bayan mota da shi a hoto a kan saniyar Jos da ta juya mana baya. Daga nan Harrie ya sunkuya yana zuba farar ƙasa a kan layi, nan take ta sanar cewa shi ya zo na ɗaya. Jos ya ce gara a ba Harrie kofin, ya daɗe yana cin wannan gasar ba a sani ba. Na koma gida na gyara.

Ranar tsere an tashi da ruwa. Gona ta zama taɓo. Aka kafa tanti, ana sayar da miyar wake da soyayyen dankali da burodi mai nama a ciki. Ni ina bakin layi cikin wata tsohuwar tirelar ɗaukar doki, da kwamfuta a kan dami, Harrie a waje da tutarsa.

A zagayen share fage sau biyu aka zo kusan tare. Sau biyu na'urar ta raba. Waɗanda aka kayar suka shigo, suka duba hoto, suka yi tsaki, suka tafi neman miya. Harrie ya ce tun da yake alƙalanci bai taɓa kaiwa azahar ba a zagi uwarsa ba sai yau.

A tseren ƙarshe motoci shida suka tashi. Ɗaya ta shige cikin ciyawa a kwanar farko, ɗaya ta bi ta kamar an aike ta ta dawo da ita. Sauran biyun aka bar su nesa. Ya rage rawaya ta Kawu da koriya ta Inna. Kowannensu ya murɗa wuya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan kujera, yana leƙen gilashin baya da laka ta rufe. Kawu na gaba da kaɗan. A kwanar ƙarshe Inna ta shigo ta ciki, ta matse shi waje, inda tayoyi suka riga suka haƙa kwari.

Dab da layi tayarsa ta faɗa cikin kwarin. Motar ta yi juyi, ta waiwayo gaba ɗaya, ta ci gaba da sulɓi a kan taɓo. Da hanci ta ƙetare layi, Kawu yana kallon inda za shi, karo na farko a ranar. Inna ta wuce ta gefensa da baya, kamar yadda aka saba.

Jama'a suka ɗauki kiran sunan Toon. Harrie ya leƙo cikin tirela ya ce a ganinsa rawaya ce. Na juya masa kwamfuta. Ta ce koriya.

Kafin mu gama kallo Kawu ya iso, hular kwano a hammata, laka har gira. Inna na biye da shi, ta tsaya ta sayi dankali a hanya. Na nuna musu hotuna biyu. A na farko hancin rawaya ya taɓa layi, bayan koriya saura kamar tafin hannu. Na'urar ba ta zana komai ba. A na biyu bayan koriya yana kan layi, akwati ya kewaye shi, bayan rawaya kuwa yana can bai iso ba.

Kawu ya dangwala yatsa a hoton farko, ya bar min laka a gilashi. Ya ce ko jariri ya ga motar da ta fara zuwa. Ya ce na'urar makauniya ce, an yi asarar kuɗin jirgi a kaina. Ya ce ai an sani, duk Lahadi a teburin Riek nake cin abinci. Na ce teburinsa ne shi ma, kuma shi yake zuba min. Ya ce wannan ya ƙare daga yau.

Inna kuwa tana gefe. Tana cin dankalinta ɗaya bayan ɗaya.

Harrie ya tambaye ni ko na'urar ta lalace. Na ce lafiyarta lau. Ta ga hancin, amma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, don a wurinta shi ne wutsiya. Abin da aka ce ta jira shi ta jira.

"Wa ya ce?"

Na dubi Kawu. Mutanen da suka taru a ƙofar tirela su ma suka dube shi. Wani daga baya ya ɗaga hannu biyu sama, aka yi dariya.

Kawu bai yi ba. Ya ce waccan magana a shagon gahawa aka yi ta, kuma kowa ya san abin da ke cikin kofinsa a lokacin ba gahawa ba ce. Ya ce mota mota ce, tana da hanci, Allah ya sa masu ƙera ta sun sa mata fitilu a wajen don kada a yi gardama.

Harrie ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce to a bar maganar shago, zai tambaye shi yanzu, idonsa biyu.

"Toon, ina gaban motarka?"

"Hanci."

"To da gaba ka ƙetare layi ke nan, a tseren baya. Wannan kora ce."

Kawu ya ce a dakata, bai gama amsa ba.

"Ina jin ka. In ɗuwawu ne gaba, na Riek ya riga naka, ga hoto. Zaɓi ɗaya, abokina: na biyu, ko korarre."

Na ga yana lissafi. Kawu ya yi shekaru yana cinikin shanu, ba ya sakin igiya da wuri. Ya tambaya, a hankali, ko za a iya cewa an kayar da mutumin da aka kora. Ai wanda aka kora bai yi tsere ba ke nan. In bai yi tsere ba, ba wanda ya riga shi. In ba wanda ya riga shi, sitiyari yana nan inda yake tun bara.

Harrie ya ce wannan ba hurumin alƙali ba ne, shari'ar cikin gida ce. Ni ma na ce na'urar ba ta karanci aure ba.

Sai a lokacin Inna ta lashe yatsunta ta yi magana.

"Maigida, na biyu yana zama a gefena ya ga teku. Korarre yana zama a gida ya ba kaji abinci. Ka yi tunani da kyau, ba sauri nake ba."

Kawu ya dubi hoton, ya dubi matarsa, ya dubi ruwan da ke zuba a waje.

"Na biyu," ya ce.

Harrie ya fita ya ɗaga tuta wajen koriya. Kawu ya laluba aljihu ya ciro makullin sabuwar motar, wanda yake yawo da shi tun ranar da aka saye ta. Ya miƙa mata. Ta miƙa masa sauran dankalin. Da yamma ya aiko min cewa in zo ranar Lahadi kamar kullum, amma in bar 'yar makauniyata a gida.

Sun tashi farkon sanyi, da safe. Motar tana cikin rumfa, hancinta a bango, kuma hanyar gidansu doguwa ce, siririya, da lambatu a kowane gefe. Kawu ya ce zai sauka ya nuna mata. Ta ce ya zauna. Ta ɗora hannu a kan kujerarsa, ta dubi madubi sau ɗaya, ta taka. Na bi su a kan keke ban kamo su ba sai a bakin titi. Kawu ya rungume butar gahawa kam.

A nan ta tsaya. Motar sabuwa ce, ba ta taɓa zama a wannan kujerar ba. Ta yi ta juya sandar giya. Gilashi a buɗe yake, na ji ta.

"Toon, ina ta gaba take?"

Kawu ya gyara zama. Ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce, na gefe ba ya magana ko da ya ga rami.

Ta ce ba komai, Fotugal tana nan ko ta wane ɓangare aka shige ta, ta mai da giya ribas. Motar ta fara ja da baya zuwa kan titi.

"Hagu, ki tura sama," Kawu ya ce da sauri.

Ta tura. Suka tafi.