Gwankin Buɗin Daji

Tun da aka sa ranar buɗin daji Dogo ya kasa zama wuri ɗaya. Ya wasa kibau, ya mayar cikin kwari, ya sake zazzage su. Matarsa Tani ta ce ya matsa mata daga bakin murhu, ya ishe ta.

Shi ne sarkin dawan Maguzawan ƙauyenmu, can bayan Kafur. A al'adarmu, ba mai taɓa farautar shekara sai ya shiga gaba. Dabbar da ta fara tashi ita zai harbe, a farke cikinta, ya duba, ya gaya mana yadda damina za ta kasance. Ba a zaɓe. In kuwa ya bari ta wuce, shekara ta rufe ke nan, kowa ya yi shuka da fargaba.

To, bana sai ga doka daga Kaduna, wai kada a ƙara kashe gwanki. Har En'e, hukumar gargajiya, ta turo mana malamin daji, Lawal, mutum mai kunya, laifinsa ɗaya, ko tuwo zai ci ba ya tuɓe kakin nan.

Ya zo har gidan Dogo ya durƙusa. "Baba, sun kusa ƙarewa. In gwanki ne, ka ƙyale shi. In ka harba, sai gaban alƙali a Malumfashi, kuma ba za a sako ka ba sai bayan girbi."

Dogo ya ce, "Ni nake tashe su, Malam? Abin da daji ya miƙo mani shi zan karɓa."

Da safe muka shiga, Lawal yana biye da mu yana share gumi. Ni dai roƙona ɗaya, Allah ya taso mana zomo, ko da gurgu ne. Muka yi ta dukan sabara, shiru. Can a bakin fadama ciyawa ta motsa, gwanki ya miƙe, ƙaho a lanƙwashe.

Dogo ya waiwayi Lawal, ya waiwaye mu. Mu ma da muka cika baki a gida, kowa ya sunkuyar da kai. Dogo ya ja baka, ya saki kibiya, gwankin ya faɗi.

Da aka farke cikin, ya daɗe a tsugune yana dubawa. Sannan ya goge hannu a ƙasa.

"Ruwa zai wadata, dawa za ta yi. Ku gaya wa Tani ta nemi mai nome mani gona."

Ya miƙa wa Lawal bakan.