Masu Karatunsa Bakwai

Kowace safiya, da zarar matarsa ta fita zuwa makarantar da take koyarwa, sai ya ja kujerar roba zuwa baranda, ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a cinya, ya buɗe shafinsa na intanet. Shekara shida ke nan yana rubutu a kan abu ɗaya: yadda ɗan haya zai shuka abu a gwangwani ko fasasshen bokiti ya rayu. Mutanen gidan suna ce masa Mai Gwangwani, kuma ba yabo suke nufi ba. Shi kuwa da ya ji sunan, sai ya maƙala shi a saman shafin.

Yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba. Duk wanda ya yi masa sharhi, sai ya amsa masa kafin ƙarfe sha biyu, amsa cikakkiya, har da tambayar mutanen gida. Saboda wannan doka ya yi fatali da babbar damar da ta taɓa zuwar masa. Shekara uku da suka wuce wani kamfanin talla ya neme shi. Za su kawo masa masu karatu dubu ɗari, shi kuma ya riƙa rubutu biyar a rana, su zaɓi kanun, su ɗauki wani ya dinga amsa sharhi da sunansa. Ya ce a kai kasuwa.

Yayansa ya zo har barandar ya same shi. "Kai dai Allah ya shirye ka," in ji shi. "Ka bar aikin ofis don kada a ce maka zo ko tafi. Yanzu arziki ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, ka leƙo ka ce ba ka nan."

"Yaya, mutum ɗarin nan da nake da su na san su," ya ce. "Na san wanda tumatirinsa ke rubewa, na san wadda akuya ta cinye wa shuka. Ba zan sayar da su ba."

Magana ce mai daɗin faɗa. Sai dai mutum ɗarin ba su san an yi rantsuwa a kansu ba. Suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, suka koma kallon gajerun bidiyo, har suka rage saura bakwai. Biyu daga ciki ba sa wuce "Madalla". Biyar ne ke yi masa hira: Tsohon Direba mai ciwon gwiwa, da Ɗalibin Likita, da Mai Shago, da Baƙuwa, sai Uwar Biyu, wadda kullum tagwayenta ke tsinke mata ganyen na'ana'a suna gudu.

Su ne hujjarsa. Ya san albashin matarsa ne ke riƙe da gidan, kuma abin yana cin sa ƙwarai. Shekara tara da aure, ba ɗa ba jika, ba abin da ya ajiye a gabanta sai gwangwanaye talatin da biyu. Duk ranar da kunya ta taso masa, sai ya karanta mata sharhin Uwar Biyu, ta yi dariya ta ce, "Ka ga, maigida, ai ana jin ka."

Ranar Litinin wayarta ta faɗa bokitin wanki, aka kai ta wurin mai gyara. Talata ya wallafa rubutu a kan tsutsar da ke cin saiwa. Ƙarfe goma ta yi, lokacin da sharhi ya saba shigowa, ba kowa sai "Madalla" guda biyu. Laraba ma haka. Ya karanta rubutun sau shida yana neman inda ya ɓata wa mutane rai, bai gani ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya bi tsofaffin sharhinsu ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa kowa a ƙasa: "Lafiya kuwa? Kwana biyu shiru."

Alhamis da safe, matarsa na ɗaura ɗankwali, ta ce, "Don Allah ka biya ka karɓo min wayata, yau ba zan samu fita da wuri ba."

Shagon mai gyaran ɗan ƙarami ne, ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da murafen waya da warin dalma. Mutumin ya kunna wayar, ya jona ta da intanet ɗinsa, ya miƙo. "Gwada ka gani, ranka ya daɗe. Ta dawo sabuwa."

Wayar ta fara rawa a tafin hannunsa, saƙo na bin saƙo. Bai yi niyyar karantawa ba, sunansa ne ya ja idonsa. Mai Gwangwani ya amsa wa Tsohon Direba. Mai Gwangwani ya amsa wa Baƙuwa. Ɗalibin Likita, Mai Shago, Uwar Biyu. Sau biyar ya ga tambayarsa tana dawo masa: Lafiya kuwa? Kwana biyu shiru.

"Da matsala ne?" mai gyaran ya tambaya.

"Babu," ya ce. "Ta yi."

Da ƙafa ya koma gida. A hanya komai ya riƙa faɗo masa. Ƙarfe goma lokacin hutun tara ne a makarantar da matarsa ke koyarwa. Ciwon gwiwar Tsohon Direba na mahaifinta ne, har man da ake shafawa. Ashe mutanen da ya ƙi sayarwa sun daɗe da tafiya, 'yancin da yake taƙama da shi kuwa ita ke ɗauke da shi, haɗe da kuɗin haya. Amma ba wannan ne ya zaunar da shi a bakin kwata ba. Tagwayen ne. Shekara biyu tana ba shi labarin yaran da ke tsinke na'ana'a, wanda ya fara tafiya, wadda ta fara haƙori, shi kuma yana ba ta shawarar ta ɗora tukunyar a kan taga.

Da ta dawo da yamma ya miƙa mata wayar. Ta duba fuskar wayar, ta dubi tasa, ta daɗe. Daga ƙarshe ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci.

Washegari bai ja kujera da wuri ba. Ya shayar da gwangwanayen, ya cire busassun ganye, ya share barandar da ba ta yi datti ba. Sai sha ɗaya da rabi ya buɗe kwamfutar. Sharhi bakwai cif. Na ƙarshe na Uwar Biyu ne: "Yi haƙuri da shirun da ka ji, Mai Gwangwani. Yaran ne ba su ji daɗi ba."

Ya zauna yana kallon layin har ya daina ganinsa da kyau. Zai iya rufe shafin yau, ya je ya roƙi Yaya ya nema masa aiki. Amma in ya rufe, ina matarsa za ta kai tagwayen? Ya dubi agogo, sha biyu saura minti huɗu. Ya goge idonsa da bakin riga, ya ɗora yatsu a kan madannai.

"Allah ya ƙara sauƙi," ya rubuta. "Yaya jikin nasu yanzu?"