Jar Motar da ke Bin Baba Direba

"Sake dubawa, Tela," in ji Baba Direba daga kan gado. "Ke dai ba ki iya nema ba ne."

Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki, ta sake dubawa. Ta riƙe sabuwar na'urar wasan da hannu biyu, 'yar shafal da ita kamar farantin shayi, tana tura hotunan da ɗan yatsa. Ga wasan ƙwallo, ga na wani ɗan mutum mai tsalle-tsalle, ga tseren wasu ƙananan motoci masu launin alawa. Wasan tirela dai, wanda tsohon yake tuƙawa kowace yamma tun da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, babu shi babu dalilinsa. A ƙarƙashin talabijin, inda tsohuwar na'urar take zama, sai shatin ƙura da wayoyi a zube.

Malama, 'yarsa, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani a hannu. Ita ta yi wannan aikin jiya, kuma tsakani da Allah da zuciya ɗaya ta yi shi.

"Baba, waccan fa ta tsufa. Ihu take kamar injin niƙa, ga zafi. Kuma yanzu ba ka iya zaman kujera, wannan ko a kwance kake za ka riƙe ta. Na kai waccan shago aka musanya min. Sai da na tambayi mai shagon ko akwai tuƙi a ciki, ya ce akwai."

"Tuƙi," ya ce. Ya dakata ya jawo numfashi, ana jin ƙirjinsa yana ƙara. "Ubanki ya tsufa a kan tirela, ki kawo masa motar yara ki ce tuƙi."

Ya juya fuskarsa bango. Haka ya juya ta da safe, bayan ma'aikaciyar jinya ta ja Malama gefe ta ce duk wanda yake nesa a sanar da shi. Malama ta kira yayanta da ke aiki a wata ƙasa, ta kara wa tsohon wayar a kunne. Ko uffan bai ce ba, har ɗan ya gaji da "Baba, Baba" ya yi shiru.

Kowa a benen ya san tushen abin. Uba da ɗa kamfani ɗaya suke wa tuƙi. Da ciwon suga ya fara cin ƙafar tsohon, har ta daina jin birki sosai, ɗan ne ya je ya faɗa wa manyan kamfanin, aka karɓe makullin. Ranar Baba Direba ya tsaya a kan matakala ya ce masa, "Kada in ƙara jin muryarka." Shi kuwa mutum ne da in ya furta magana gara ta kashe shi da ya haɗiye ta. Taurin kansa ya sha ba Tela haushi, amma yau tsoro ya ba ta, domin a fili take cewa tsohon nan zai tafi bai saki ɗansa ba.

Ta kamo hannun Malama ta ja ta waje, ta jawo ƙofar.

"Kin san wa ya sayo masa waccan na'urar?"

"Ba ke ba ce, Anti?"

"Ni? Ina ni ina wasan yara! Yayanki ne. Kafin ya tafi ya kawo min ita cikin kwali, ya ce in ce tawa ce. Kin taɓa lura da wata jar mota da take bin ta Baba a baya kullum?"

"Ba ta cikin wasan ba ce?"

"Yayanki ne. Yana tashi daga aiki yake hawa ta intanet, ya same shi a hanya, su yi ta tafiya."

Malama ta dafa bango. "Baba ya sani?"

"Mutumin da ya koya masa riƙon sitiyari? Ai tun ranar farko ya gane yadda yake shan kwana. Bai ce ba, ni ma ban ce ba."

Tela ta sha ɗauko ɗinkin hannunta ta zauna kusa da shi tana kallo. Wata rana ta ce, "Baba, wai wannan jar motar ba za ka bar ta ta wuce ba? Kullum tana bayanka." Sai ya ce mata su direbobin doguwar hanya suna da ƙa'ida. Na gaba shi ne idon na baya. Ba ya barinsa ya wuce sai ya ga hanya tas da idonsa, kuma ya yarda da hannun na bayan. In ya yarda, sai ya kunna sigina ya matsa gefe, ma'ana wuce, lafiya lau. "Wancan kuwa gaggawa gare shi," ya ce. Bai taɓa ba shi siginar ba ko sau ɗaya.

"Kira shi," Tela ta ce wa Malama. "Ki ce ya bar duk abin da yake yi ya shiga wasan ya hau hanya. Ba ni sabuwar nan da kwalinta."

Ta sauka benen da silifas ɗin aiki, tef ɗin awo yana rataye a wuyanta. Ta tsallaka titi ba ta jira motoci ba, wani mai babur ya zage ta, ko waiwaye ba ta yi ba. Shagon yana bayan tashar bas, ɗan ƙuƙut, an cika shi da kwalaye har rufi. Mai shagon yana sunkuye a kan tebur da sukudireba, wani dogon mutum mai rigar masu gadi yana tsaye yana jiransa.

Ta dire kwalin a gabansa. "Ka ce akwai tuƙi a ciki. Ina tirela?"

Mai shagon ya ɗago tabarau. "Au, na jiya? Mama, ai wadda ta zo ba ta ce tirela ba. Tirela ba ya kan wannan."

"Ba sabuwa ba ce? Yaya tsohuwa za ta iya abin da sabuwa ta kasa?"

"Sabuwa ce, amma ƙarama ce. Kin ga, ba masu na'urar ba ne suka yi wasan tirelar, wani kamfani ne daban. Su duba na'ura suke yi, in za ta ɗauki kayansu su kawo, in ba za ta ɗauka ba su yi gum. Wasan nan kuwa nauyi gare shi, ga doguwar hanya, ga ruwan sama, ga motocin mutane duk a lokaci ɗaya. Ƙarfinta bai kai ba."

"Kai dai faɗi wata," in ji mai gadin. "Ba ƙarfi ba ne, kasuwa ce. Bari mutane su saye ta da yawa ka gani, da gudu za su rage wa wasan nauyi su kawo shi. Ba an yi haka da na ƙwallo ba?"

"Na ƙwallo fili ɗaya ne. Wannan ƙasa guda ake zana maka."

"In suna so za su iya."

"Ƙarfi ne, malam."

"Kasuwa ce!"

Tela ta buga tebur har ƙananan kusoshin da ke kai suka yi tsalle. "Ku ji min mutane! Ko ƙarfi ne ko kasuwa, yaushe za su kawo?"

Suka dubi juna. "Wataƙila baɗi," in ji mai shagon. "In ma sun kawo."

"Baɗi! Mutumin da nake maka magana a kansa ko gobe ba shi da tabbas. Ina tsohuwar?"

Teburin kawai ya kalla. Sai a lokacin ta gane abin da yake sunkuye a kai. Ita ce, ga ma ɗan ƙyallen da ta ɗinka mata don ƙura an jefar gefe. An cire mata murfi, cikinta a buɗe, an zare fankar an ajiye a kan jarida.

"Fankar zan sa wa ta wannan bawan Allah," ya ce a hankali.

Ta faɗa musu komai a tsaye, a gurguje, har da jar motar da siginar. Mai gadin ya cire hularsa ya sosa kai.

"Mayar mata," ya ce. "Tawa ta jira."

"Allah ya taimake ki ban kai ga goge abin da ke cikinta ba," in ji mai shagon, hannunsa har ya kai kan fankar.

Ba ta taɓa ganin aiki mai cin rai irin wannan ba. Kusa ɗaya ta faɗi ƙasa, su uku suka durƙusa suna lalube a ƙarƙashin kwalaye. Wayarta ta yi ƙara, Malama ce. "Anti, numfashin ya canza. Yaya ya shiga wasan, ya ce ba ya ganin motar Baba." Tela ta ce ga su nan, alhali ko murfin ba a mayar ba. Da aka gama, mai shagon bai miƙa mata ba. Ya rungumi na'urar, ya ce wa mai gadin ya kula masa da shago, ya biyo ta a guje.

Ɗakin ya yi tsit in ban da ƙirjin tsohon. Hasken yamma ya shigo ta labule ya kwanta a kan bargonsa. Mai shagon ya durƙusa ya haɗa wayoyin, na'urar ta tashi da ihunta na kullum. Baba Direba ya buɗe ido.

Sai rubutu ya fito a talabijin, da wani dogon layi a ƙarƙashinsa.

"Mene ne kuma?" in ji Tela.

"Wasan ne yake sabunta kansa. Dole a jira."

"Tsallake shi!"

"Ba ya tsallakuwa, Mama."

Layin ya riƙa cika kamar ana ɗiga ruwa a tulu. Tela tana kallonsa tana kallon bargon da ke ɗagawa yana sauka. Sau ɗaya bargon ya tsaya, ya daɗe, har Malama ta ce "Baba!" sannan ya sake ɗagawa. Tela ta damƙe tef ɗin wuyanta har ya shata mata yatsu. A ranta ta zagi masu na'urar da masu wasan gaba ɗaya, ba ta ware kowa ba.

Can sai ga hanya. Ga farar tirelarsa a inda ya ajiye ta shekaranjiya, a bakin wani gidan mai. A cikin madubi kuma ga jar motar, fitilunta a kunne.

Suka tallafo shi da matasai. Tela ta sa masa rimot ɗin a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. Malama ta ajiye wayarta a gefen matashi, layin yayanta a buɗe, ba ta ce masa komai ba. Shi ma bai kalli wayar ba.

Farar motar ta hau titi a hankali, tana ɗan karkata. Jar ta biyo ta, ta bar tazara daidai yadda aka koya mata. Suka wuce gonaki, suka hau wata gada. Motar tsohon ta taka layin tsakiya ta dawo. Daga nan hanya ta miƙe sak, babu mai tahowa har iyakar gani.

Baba Direba ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ɗan yatsansa ya lalubo maɓallin, ya danna. Sigina ta kama, ƙyas, ƙyas. Ya matsa gefen titi.

Jar motar ta rage gudu. Ba ta wuce ba, ta tsaya a bayansa.

"Ji shi," in ji tsohon, muryar da ƙyar take fita. "Da can gaggawa, yau kuma nawa." Ya jawo numfashi. "Wuce mana, ɗana. Na ga hanya. Wuce."

Wani sauti ya fito daga wayar, irin na babban mutum da ya toshe bakinsa da hannu. Jar motar ta fito a hankali, ta jera da farar, ta yi hon sau biyu, ta wuce. Malama ta durƙushe ta kifa kanta a kan bargon. Mai shagon, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya fita waje.

Tela ta jira tsohon ya mayar da hon ɗin, don ya taɓa ce mata haka ake yi. Bai mayar ba. Rimot ɗin ya zame ya kwanta a kan cikinsa, bargon kuma bai sake ɗagawa ba. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta miƙa hannu ta shafe masa idanu.

A talabijin, jar motar ta yi ɗan nisa kaɗan, ta gangara gefen titi ta tsaya. Babu wanda ya tashi ya kashe na'urar. Fankarta tana ta ƙara, siginar farar motar tana haska kofin ruwan da ke kan tebur tana ɗaukewa.