An Ce Ramlatou Ce Ta Ramar da Shi

Inna Azumi ba ta taka gidan surukanta a Djougou ba tun ranar da aka kai 'yarta Ramlatou, shekara tara ke nan. Uwar mace ba ta zarya gidan miji, kowa ya sani. Amma ranar Talata ta bar tukunyar kokonta a unguwar Guéma, ta hau mota daga Parakou, kafin azahar tana tsakar gidan. Ko ruwan da aka miƙo mata ba ta kalla ba.

Koro mata 'ya aka yi. Mijin, Iliassou, ɗan kasuwar goro ne, mai jiki, irin wanda in ya nufo babur sai mai babur ya yi salati. Shekara biyu yana minshari kamar injin niƙa, can sai numfashin ya ɗauke cak, sai an zungure shi ya dawo. Da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi a kan huhun goro ana tsakiyar ciniki. Danginsa suka ce dannau ne, aka yi ta hayaƙi. Ramlatou ce ta lallaɓa shi zuwa wurin likita a Parakou. Likita ya ce kitsen wuya ne ke toshe masa hanyar iska in ya yi barci, kuma abin na iya taɓa zuciya. Ya ba shi injin da ke hura iska ta hanci, ya haɗa masa da allurar rage ƙiba, sau ɗaya a mako a fatar ciki, ya ce a rage tuwo a ƙara tafiya. Iliassou ya roƙe ta kada kowa ya ji, wai babban mutum da takunkumi a hanci.

Cikin wata shida riguna suka yi masa yawa. A danginsu kuwa ɗan kasuwa ba ya ramewa a banza, ko dai ya karye ko an sa masa hannu. Sai yayarsa Halimatou ta leƙa ɗaki ta ga Ramlatou na soka masa allura a ciki. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Aka watsar da alluran daga firigo, wato firji, aka sa yarinyar a mota. Gogan naka, mijin, bai hana ba. Wata uku Ramlatou tana hana uwarta zuwa, yau dai ta kasa.

Aka zauna a rumfa, da Hajiya Mairo uwar mijin, da Halimatou, da shi kansa Iliassou, ya jingina da bango kansa a ƙasa.

"Haba Inna, ki duba da idonki," in ji Halimatou. "Tun da ta tafi jikinsa ya dawo."

"Na gani. Ragon layya ma jikinsa dawowa yake." Inna Azumi ta kwance bakin zane ta jefa wa surukinta takardar likita. "Ni ban yi boko ba, ko a juye aka ba ni ban sani ba. Kai da ka iya, karanta wa uwarka."

"Inna, a yi haƙuri, maganar cikin gida ce."

"Cikin gidan wa? Mai kifi a kasuwarmu ta tare ni tana tambaya ko gaskiya ne na haifi mayya!"

Hajiya Mairo ta gyara zama ta ɗauko tarihi, yadda kakanninsu suka yi ta jigilar goro daga Gwanja a kan jakuna, ƙarti majiya ƙarfi, ba wanda aka taɓa sokawa allura don ya rage jikin da Allah ya ba shi. Ba ta kai ga kaka na uku ba minshari ya tashi daga jikin bango. Ya ja, ya ja, sai ɗif.

Halimatou ta yunƙura. Inna Azumi ta cafke mata hannu.

"Bar shi. Ku ji abin da 'yata ta shekara biyu tana ji ita kaɗai."

Ƙirjinsa na ɗagawa yana faɗuwa, baki a buɗe, ba iskar da ke shiga. Carbin Hajiya Mairo ya tsaya a hannunta. Ta jira, ta jira, sai ta rarrafa ta girgiza shi da hannu biyu tana innalillahi. Ya zabura da wani irin gurnani, ido jajir, ya ga mata uku a kansa.

"Ni na ce ta yi mini allurar," ya faɗa da ƙyar. "Likita ne ya rubuta. Injin ma yana ƙarƙashin gado, tun da ta tafi ban sa ba."

Hajiya Mairo ta share ido da gefen mayafi. "Gobe a aika mota, Ramlatou ta dawo ɗakinta."

"Huhun goro ce, da za a aika mota? Shi zai zo da ƙafarsa, ya fara ganin likitansa, sannan ya tambaye ta ko tana so. Ni sunanta na zo karɓa." Inna Azumi ta juya ga Halimatou. "Gida nawa kika kai maganar?"

"Inna, ai ban ƙirga ba."

"Tashi, zan ƙirga miki."

Halimatou ta dubi uwarta. Uwar ta kau da kai. Haka suka fita cikin ranar nan, tsohuwa a gaba. A ƙofar farko Halimatou ta yi sallama can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya," in ji Inna Azumi. "Masu gidan su ji, maƙwabta ma su ji."