Sadakar da Safura Ta Karɓo

Ni na samo wa Safura aikin nan, shi ya sa har yau abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Mansura, nan ƙasar Larabawa, garinmu ɗaya, Zongon Kumasi. Ta daɗe tana zaman jira, takardar zamanta ta kusa mutuwa, sai na ji wasu 'yan Koriya a Al Muntazah na neman mai aikin gida. Mijin injiniya ne, Mista Ryu, matar kuma Madam Pyo ake ce mata. Su ne suka yi alkawarin sabunta mata takardar idan ta zauna lafiya da su. In ba su yi ba, sai jirgin Accra.

Safura ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ta koyi cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ta koyi miƙa kofi da hannu biyu, ta koyi sunkuyar da kai irin nasu. Kabejin nan nasu mai tsami da yaji, wanda warinsa ke korar aljani daga firiji, har shi ta iya yankawa ba ta toshe hanci ba.

Wata Alhamis Madam ta tashe ta da girki tun safe. Kifi, naman shanu, shinkafa, miya, ƙosai-ƙosai na ƙwai, ga tuffa da lemo an yanke musu kai. Aka jera su a wani gajeren tebur, aka kafa hoton wani tsoho a baya. Safura ta tambaya, Madam ta ce mahaifin mijinta ne, yau ranar rasuwarsa ta zagayo, abincin kuma nasa ne. Da la'asar ta ce za ta ɗauko mijinta daga ofis, ta fita.

To, ke 'yar Zongo, aka ce miki abincin mamaci ne, me za ki fahimta? Sadaka mana. A wurinmu ba a barin abincin mamaci ya huce a ɗaki, fitar da shi ake yi ladan ya isa kabari. Safura ta ce a ranta, baiwar Allah nan ta gaji, bari in sauke mata nauyi. Ta zuba komai a robobi, ta sauka ƙasa. Ta ba Mijinyawa, mai gadin ginin, ɗan Yola. Ta ba leburorin da ke gyaran titi a ranar nan mai narka kwalta. Suka yi ta sa mata albarka, ta hau sama tana jin daɗi.

Ashe su 'yan Koriya ba haka suke yi ba. Tsohon da kansa ake jira ya zo ya ci, sai ɗansa ya durƙusa ya gaishe shi, sannan iyali su taɓa abincin. Shekara guda Mista Ryu yake jiran wannan yamma.

Da suka shigo, Mista Ryu ya tsaya yana kallon hoton ubansa a kan tebur wayam. Ya shige ɗaki ya rufe. Madam ce ta juyo, murya a ƙasa, da Turancinta mai gutsuri-gutsuri.

"Ina abincin?"

"Na raba, Madam. Don ladan ya kai masa."

"Je ki karɓo."

"Madam, sun fara ci."

"Karɓo. Duka. In kina son takardarki."

Wallahi da ni ce da na ɗauki jakata a lokacin. Amma ni ba ni da 'ya'ya biyu a hannun tsohuwa mai ciwon ƙafa kamar ita. Safura ta ɗauki tire ta sauka.

Ta sami leburorin zaune a inuwar katanga, hannu cikin roba. Ta tsaya a kansu, da ƙyar ta ce su yi haƙuri, masu abinci sun ce a mayar. Da farko sun ɗauka wasa ne. Wani dattijo ɗan Bangaladash yana riƙe da kifi ya kai rabi, ya dube ta, ya dubi kifin, ya ajiye mata a tire. Sauran suka bi, wannan guntun nama, wancan tuffa da shaidar haƙori. Ɗaya har ya kakkaɓe shinkafar da ta manne masa a yatsu a cikin robar. Babu wanda ya zage ta, kuma ta ce da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta hau da tiren tana kuka. Madam ta karɓa da hannu biyu, kamar yadda suke yi, ta duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta taka murfin kwandon shara ta juye duka.

"Kin zaci zan ba surukina ragowar leburori?" ta ce. "So nake ki san yadda ake ji idan aka ɗauke wa mutum abinci a gabansa. Khalas, shi ke nan. Kada ki zo gobe."

Safura ta durƙusa, ta roƙa, ta kira sunan 'ya'yanta. Madam ta buɗe mata ƙofa ta tsaya tana jira, har da ɗan sunkuyar da kai.

A ƙasa leburorin sun koma aiki, kowa ya ba ta baya. Mijinyawa ne a bakin get, mutumin da kullum yake ce mata ƙanwata. Ya zuge mata ƙarfen bai kalle ta ba.

"Hajiya," ya ce, "akwai lemo ɗaya da na riga na haɗiye. Shi ma in amayo miki?"

Ta wuce shi ta fita. Da ƙafa ta taho har Mansura, ta manta takalmanta a bakin ƙofarsu.