Gidan da Mainasara Ya Yaba

Da ƙarfen ya shiga tsakanin katako da bango, Mainasara ya danna shi da ƙirjinsa gaba ɗaya. Ƙusoshi suka yi ƙara, allon ya ɓalle ya faɗi, ƙura ta turnuƙe zauren. Baturiyar da ta zo duba gidan ta ja da baya tana toshe hanci da hankici. Shi kuwa ko tari bai yi ba. Mutumin da ya sha hayaƙin bindiga a dajin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da ƙafafunsa, ƙurar bango ce za ta sa shi tari?

"Duba nan, Madam," ya ce da Turancinsa na bariki. "Duba da kyau."

Bayan allon, wani murhun jin ɗumi ne na farin dutse, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, an sassaƙa masa ganyaye da inabi da kawunan zakuna. Duk gidan babu wanda ya san da shi sai Mainasara, don shi ya gano shi wata shekara yana bin ramin ɓera. Baturiyar ta sauke hankicin, ta durƙusa cikin ƙura da tsadadden siket ɗinta tana shafa kan zakin kamar mai lallashin jariri.

To, bari ka ji yadda aka yi har ta zo. Gidan tsohon gidan dutse ne a unguwar University Heights ta Bronx, wani attajiri ya gina shi tun kafin a haifi kakannin masu zama a ciki. Daga baya aka tsattsaga shi da katako aka mai da shi ɗakunan haya. Mainasara Bakatsine ne, ya zo New York yana kukun wani ma'aikacin jakadanci. Da aka kira maigidan nasa gida sai shi ya zauna, yana wanke tukwane a wani gidan abinci, shi da matarsa Sauda suna can hawa na sama. Ƙungiyar masu haya ta yi shekaru tana fafutuka har gwamnati ta yarda ta ba da kuɗi a rushe gidan, a gina dogon bene mai sauƙin haya, mai na'urar ɗumama ɗaki da lif mai ɗaga mutum zuwa sama, kuma su za a fara ba ɗakuna. Saura ƙiris a fara aiki, Zailani, wakilin masu hayar, ya bi ɗaki ɗaki yana cewa wata mata za ta zo daga hukuma ta duba gida.

Mainasara bai yi boko ba, amma ya yi soja, ya san abin da ake kira dubawa. A ganinsa ba bango za a duba ba, mutane za a duba, a ga ko sun isa a ba su sabon gida. Kuma ko ba wannan, a inda ya fito, mutum ba ya buɗe wa baƙo asirin gidansa. Don haka ya tashi tun da sassafe ya kwashe bokitan da ke tare yoyon rufi, ya rataya darduma a bangon da ya yi baƙi da danshi, ya cusa tsumma a ramukan ɓera, ya zuba turaren wuta har warin rima ya ɓuya. Ya kuma leƙa bayan labule inda Sauda take kwance.

"In baƙuwa ta shigo, ki daure ki riƙe tarin nan."

"Tari ne, Malam, ba akuya ba da za a ɗaure," in ji ta. Amma ta riƙe, ta danna fuska a filo har baƙuwar ta fita.

Da ya ga murhun ya burge Baturiyar, sai kansa ya ƙara girma. Ya kai ta ya nuna mata rufin da aka yi wa zanen furanni, wanda silin kwali ya rufe. Ya ture wani kabad shi kaɗai, abin da samari biyu ba za su iya ba, ga taga mai gilashi ja da shuɗi a baya. Ta yi ta ɗaukar hoto. Har shi ta ɗauka, ya manna lambobin yaƙinsa a ƙirji, ya dafa kan zaki.

Da za ta tafi, ta tambaye shi ko gidan yana da wata matsala.

"Matsala? Wannan gida? Madam, na ga gidan Gwamna a Ikko, na ga gidajen Indiya, ban ga irin wannan ba. Zai binne ni, ya binne jikokinki, yana nan tsaye!"

Ya raka ta har bakin titi da ƙunshin cincin.

* * *

Ba a daɗe ba, wata ranar Asabar da hantsi, Zailani ya hau benen ko sallama bai ƙarasa ba. Shi Bagobiri ne daga Nijar, magidanci, yana aikin masinja a wani ofishin ƙasashen duniya. Tsakaninsa da Mainasara kullum wasan Bakatsine da Bagobiri ne.

"A'a, bawana ya zo gaisuwa," in ji Mainasara. "Durƙusa mana."

"Baba, yau ba wasa. Mi ka nuna wa matar nan?"

"Abin da idonku na Gobirawa bai gani ba shekara da shekaru."

Zailani ya zauna a bakin kujera ya cire hula. "Matar ba daga masu gini take ba. Daga masu adana tsofaffin gine-gine take. Da ta zo ta ga ruɓaɓɓen gida, da ta sa hannu ta wuce. Yanzu ta ce gidan tarihi ne, sai kwamiti ya zauna ya bincika. Kafin su yanke hukunci, ba a taɓa ko bulo ɗaya."

"To, su zauna mana. Kujera ce babu?"

"Ba ka san zaman mutanen nan ba, Baba."

"Ni? Ni da na ga janar-janar sun yanke shawarar yaƙi kafin shayi ya huce? Tashi ka ba ni wuri. Kafin sanyi ya shigo an gama."

Ya faɗa da ƙarfi don Sauda ta ji. Amma bayan Zailani ya sauka, ya daɗe yana kallon dardumar da har yanzu take rataye. Danshi ya riga ya ratso ta.

* * *

Sanyi ya shigo, kwamiti bai gama ba. Aka ce ana jiran masanin dutse. Masanin dutse ya zo ya tafi, aka ce saura masanin rufi. Aka sa rana aka ɗage, aka sake sawa aka sake ɗagewa. Bazara ta wuce, wani sanyin ya sake kunno kai. Mai gidan ya ce shi ba zai gyara abin da za a rushe ba, kuma ba zai rushe abin da aka hana shi taɓawa ba. Tukunyar da ke ɗumama gidan ta mutu, ba wanda ya tashe ta. Masu hali suka tattara suka koma unguwannin Soundview da Flatbush. Marasa hali suka ƙara bargo.

Sauda ta daina sauka. Matakalar benen ta katako ce mai sassaƙa, masana sun yi ta yabonta, amma ita in ta taka kaɗan sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ranar asibiti Mainasara ke goya ta ya sauko da ita, kuma, ba don yabo ba, babu tsohon da zai iya haka a duk Bronx. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ƙirjin matar nan ba zai ɗauki zama cikin danshi ba. Ya yi yawon neman ɗaki har takalminsa ya huje. Inda yake da ɗumi ya fi ƙarfinsa, inda bai fi ƙarfinsa ba kuwa ya fi nasu lalacewa.

Wata rana da la'asar ya kunna mata murhun girki don ɗakin ya yi ɗumi, ya zauna yana ba ta kunu a cokali.

"Malam, wai sabon gidan da gaske mutum ba ya taka bene?"

"Ɗan ɗaki ne za ki shiga, ki danna maɓalli, sai ki gan ki a sama kamar an ɗauke ki a faranti."

"Ni dai a ba ni taga mai rana. Ko ba komai in shanya bayana."

"Taga ɗaya? Biyu zan sa a ba ki. Sun san ni."

Ta yi murmushi, murmushin ya koma tari. Bai taɓa jin ta ce shi ya jawo ba. Matan gidan sun faɗa, yaran gidan sun faɗa da Turanci a kan matakala suna zaton ba ya ji. Ita kaɗai ce ba ta faɗa ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

Sai ga Zailani da labari mai nauyi. Gwamnati ta ce kuɗin ginin ba zai tsallake wannan shekara ba. In ba a fara aiki ba, za a kai shi wani wuri. Kwamiti kuwa zama ɗaya ya rage masa kafin shekara ta ƙare, kuma an yarda masu haya su yi magana.

"Ni zan yi," in ji Mainasara.

"Kai, Baba? Za ka iya tsayawa gaban Turawa ka ce gidanka ɓeraye ne?"

Mainasara bai amsa da wasa ba. A wurinsa wannan daidai yake da tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Amma ya ce, "Zan faɗa. Har tarin matata zan faɗa."

* * *

Ranar zaman ya sa babbar rigarsa, ya ɗora kwat a kai, suka hau jirgin ƙasa shi da Zailani. Duk hanya leɓensa na motsi, yana jera kalmomin: rufi na yoyo, bango na ruɓa, babu ɗumi, matata ba ta numfashi.

Zauren taron yana da ɗumi har sai da ya cire kwat. A gaba an kafa manyan hotunan gidajen da za a yi magana a kansu, kuma ga shi nan a ciki, da lambobinsa, yana dariya har kunne, hannu a kan zaki. Ya sunkuyar da kai.

Aka fara da wata unguwar masu kuɗi. Aka yi ta gardama a kan irin fentin da ya dace da ƙofofinsu, wannan ya tashi, wancan ya tashi. Aka koma kan fitilun wani titi. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki. Da aka zo kan gidansu, shugaban kwamitin ya duba agogo, ya ce rahoton masanin rufi bai iso ba, kuma ba daidai ba ne a yi gaggawa a kan abin da ya shafi tarihi. An ɗage sai bazara.

Zailani ya rufe fuska da hularsa.

Mainasara ya miƙe. "Ranka ya daɗe!" ya ce da Hausa, ya sake da Turanci. Amma kujeru sun riga sun fara ƙara, mutane suna neman kwat da laima. Yana tsaye a nan sai ga Baturiyar ta ratso jama'a, fuskarta cike da fara'a ta gaskiya, ta kama hannunsa da hannu biyu. Ta juya ta gaya wa shugaban kwamitin cewa ga mutumin da ya ceci gidan. Shugaban ya tsaya, ya miƙo hannu, yana sauraro.

"Yaya gida?" in ji ta. "Yaya maiɗakinka?"

Ga shugaba, ga kunnensa, ga kalmomin nan a jere a kan harshe. Amma gaisuwa aka yi masa, kuma tun da uwarsa ta haife shi amsar gaisuwa ɗaya ce. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Lafiya lau, Madam. Lafiya ƙalau."

Shugaban ya girgiza masa hannu, ya ce madalla, ya sa hularsa ya fita.

A jirgi Zailani ko bawa bai kira shi ba.

* * *

Rana ba ta faɗi ba ya iso gida. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki har numfashinsa ya daidaita, sannan ya yi sallama da babbar murya.

Sauda tana zaune a gado cikin barguna. "Sannu da hanya, Malam. Me suka ce?"

"Me za su ce? Da na miƙe, wurin ya yi tsit. Babbansu da kansa ya taso ya ba ni hannu, tambayi Zailani. Kwanan nan za a fara."

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara talatin da wani abu suna tare, ta san muryarsa ta cika baki, ta san ta gaskiya. Bai iya gane wadda ta ji ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "To, sauko mini da kwanukan nan na saman kabad. Gara a naɗe su tun yanzu, kada masu kwasar kaya su ɓare mini fenti."

Ya taka kujera ya sauko da su, kwanukan da ta zo da su daga Katsina, ba ta taɓa zuba abinci a ciki ba. Ya zauna a ƙasa kusa da bokitin yoyo ya jawo tsofaffin jaridu. Tana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya, yana naɗewa, tururin numfashinsu na tashi a cikin ɗakin.

"Wannan a kusa da taga za a ajiye shi," in ji ta.

"To," ya ce, ya karɓa.