Rumbun da Tambaya Ya Haƙa a Dutse

Sau biyu 'yan bindiga suka ƙona wa Tambaya rumbu a ƙauyensu da ke bayan Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Na farko ya ce ƙaddara ce. Na biyu kuwa sai ya tsaya yana kallon geron shekara guda yana hayaƙi, matarsa Uwani na tona toka da sanda ko za ta sami abin dakawa.

Tambaya mai fasa dutse ne, yana kuma noma. Ƙodarsa ɗaya ce. Ɗayar tana cikin yayansa Alhaji Ashiru, mai shagon yadi a Gusau. Shekarun baya ciwo ya kwantar da Alhajin, aka gwada jinin dangi, na Tambaya ya dace, aka kwashe su zuwa Indiya aka yi aikin. Likita ya ja masa kunne da kyau: ban da aikin ƙarfi cikin rana, ban da zama da ƙishirwa.

A can ne Stephen, ɗan maƙwabcin Alhaji da ke karatun haɗa magunguna, yake yi musu tafinta. Da Tambaya ya ji sauƙi, sai Stephen ya ce tunda dutse ne sana'arsa, akwai abin da ya kamata ya gani. Ya kai shi wani wuri, Ellora. Gini ne na bauta, dogo, da ɗakuna da matakala da giwaye, amma ba a ɗora dutse kan dutse ba. Tsauni guda aka hau, aka fara sara daga sama ana sauka, har ginin ya fito.

Stephen ya ce aikin wasu sarakuna ne, Rashtarakuta, fiye da shekara dubu da ta wuce. Da farko hakimai ne a ƙarƙashin wani gidan sarauta, Calukya, suka ture iyayen gidansu suka hau. Suka riƙe ƙasa wajen shekara ɗari biyu, suna kai yaƙi arewa suna dawowa da ganima, har fataken Larabawa suna lissafa sarkinsu cikin manyan sarakunan duniya. Daga baya abokan gaba suka afka wa babban birninsu suka washe shi, jinin Calukya suka karɓe abinsu. Tambaya ya tambaya, to wannan fa, me ya sa ba a rushe shi ba? Stephen ya yi dariya ya ce wasu da suka zo baya sun gwada, sun fasa hancin gumaka, sun gaji, sun tafi.

Wannan maganar ce ta dawo masa a gaban tokar rumbunsa.

Da labarin ƙunar ya kai Gusau, Alhaji Ashiru ya zo da mota zai kwashe su. Ya ce ga ɗaki, ga shago, ya zauna yana auna yadi a inuwa. Tambaya ya ce shi ba ya barin gonar ubansu. Ya kai shi falalen dutsen da ke bayan gida, inda mata ke shanya, ya nuna masa da'irar da ya zana da gawayi. Nan zai haƙa rumbu, daga sama ya sauka, baki ƙarami ciki da faɗi. Alhaji ya ce wato wurin gumaka aka kai shi yawo, shi ne ya dawo da hauka.

"Ban ɗauko gunkinsu ba, Yaya. Aikinsu na ɗauko. Su zo su ƙona dutse in gani."

"Da ƙoda ɗaya za ka yi wannan?"

"Da biyu ma mi na tsare? Tahi ka auna yadinka."

Ya je Tsafe wurin wani maƙeri, aka yi masa ƙarafan sara da ƙarfen sifirin da ke ƙarƙashin tsohuwar mota. Yadda masu fasa dutse ke yi, haka ya yi: ya tara itace da tsofaffin tayoyi ya hura wuta a kan falalen, in ya yi zafi ya watsa ruwa, dutsen ya tsage, ya bi da guduma. Sai dai dutsen Bungudu ba ya jin lallashi. Yini guda ba ya samun abin da ya wuce cikin kwando. Mutanen gari suka sa wa wurin suna rijiyar Indiya. In sun wuce sai su tambaye shi ko ya tarar da giwar. Ya ce su bari, ranar da suka zo roƙon tsaba zai nuna musu haurenta.

Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya shigo. Ramin ya haɗiye shi har kai. Ciki kamar tanda. Uwani tana kawo ruwa a jarka, shi kuma sai ya zuba wa dutse rabi. Ta ga ƙafafunsa sun fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ɓoye guduma a ƙarƙashin gado. Ya ce mata irin wannan aiki ba a barinsa a tsakiya, in ya tsaya yanzu kududdufi ya haƙa wa sauro. Ta fito masa da gudumar ta jefar a gabansa.

Da kaka ta zo ya gama. Ya shafe ciki da toka, aka sussuke gero aka zuba, maƙwabta uku da suka fi kowa dariya suka kawo nasu. Ya ja faifan dutse ya rufe bakin, ya liƙe da laka, Uwani ta baza ƙaiƙayi a kai.

'Yan bindiga suka zo da hantsi, a kan babura. Gari ya watse cikin daji. Da aka dawo, babu rumbun da ke tsaye. A kan falalen ma sun cinna wa ƙaiƙayin wuta, ya ci ya mutu. Tambaya ya sa aka ja faifan, ya zura hannu ya ɗebo gero, sanyi ƙalau. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Saukowa daga dutsen kuwa sai da aka riƙe shi.

A asibitin Gusau likita ya ce ƙodar ta gama aiki. Alhaji Ashiru ya kama rigar likitan ya ce a cire wadda ke jikinsa a mayar wa mai ita. Aka ce masa ba a yin haka. Tambaya na kwance yana ji, ya ce ya bar wahalar da mutane, abin da aka sare ba ya komawa, shi ya san wannan tun kafin ya ɗauki guduma.

Bai ga damina ba. Ranar sadakar uku, Uwani ta hau falalen da kanta ta ɗebo geron da aka yi gumba.